Ganyen Ƙarshe na Gwaggo Inno

Badaru taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, Gwaggo Inno, saboda haka ina da iznin faɗin gaskiya a kansa har da ƙari. Dogo ne, in ya shigo ɗakinmu na unguwar Bani Malik sai fanka ta gaishe shi kafin mu. Shekara tara yana wankin kwalabe a ɗakin binciken tsirrai na wata jami'a a nan Jidda, amma in ya sa farar rigar nan ya fito, sai ka rantse shi ya ƙera ganye. Ni da na tsaya a aji uku na sakandare nake kiransa Farfesan Soso, shi kuma ya ce mini Hafsa Mai Cikin Tirela.

A wurin aikin nan akwai Dakta Wafa', wadda ba ta da sana'a sai leƙen cikin ganye. Tana da na'ura mai girman firji biyu, ita ke nuna abin da ido ba ya gani. Badaru ya ce a cikin kowane ganye akwai 'yan ɗakuna, sunansu kuloroplas, su ke riƙe da kore, su ke dafa wa itace abinci da hasken rana. A cikin kowane ɗaki kuma akwai wasu 'yan faya-fayai a jere, ɗaya bisa ɗaya.

"Kai dai yunwa ce," na ce masa. "Har waina kake gani a ganye."

Gwaggo ba ta taɓa barin mahajjata su taso daga garinmu ba tare da ƙullin zogale na Badaru ba. Da hannunta take tsinka daga itacen bayan ɗakinta, ta shanya a inuwa. Ni kuwa al'adata, duk tsarabar da ta zo masa sai na wawushe rabona. Haƙƙin taubashi ne, ba a kai ƙara.

Bara Gwaggo ta rasu. Kafin kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar nan, ya sa hannu a takardar fita, an yi sadakar bakwai. Bai je ba.

Bayan wata biyu na biya ɗakinsa a Sharafiyya da rana, yana wurin aiki, abokin zamansa ya buɗe mini. Na ga zogale ƙulle a tsumma a cikin gwangwanin madara, na ce yalla, Allah ya ciyar da ni. Na kai gida, na dafa, na kwaɗa da ƙuli. Har hoto na tura masa ina lasar yatsa.

Bai amsa ba. Da la'asar sai ga shi a ƙofa.

"Ina tsumman?" ya ce.

"Wane tsumma, Farfesa? Zo ka ci kanzo."

"Shi ne na ƙarshe, Hafsa. Ta ɗaure shi tana kwance."

Muka zazzage kwandon shara. A lungun ƙullin muka sami ganye ɗaya tak, bai kai farcen jariri ba.

Na ce ya adana shi a cikin Alƙur'aninsa. Ya yi sati yana yawo da shi a aljihu, sannan ya kai wa Dakta Wafa'. Ta gaya masa gaskiya: busasshen ganye ba ya nuna abin kirki, kuma in za a duba, sai an jiƙa shi a magani, a daskarar, a yanka siriri-siriri. Ba abin da zai dawo hannunsa.

"Ko dai ka riƙe, ko ka gani, ya Badaru," ta ce.

Ya ce halas, shi ke nan, a yanka.

Ranar Juma'a ya kawo mini hoton a takarda. Na zata zan ga kore. Ashe na'urar ba ta san launi ba, fari da baƙi kawai take fitarwa. Ya ajiye hoton ɗanyen ganye a gefe don in gane. A can faya-fayan na zaune tsaf. A na Gwaggo bangon ɗakunan ya tsage, faya-fayan sun zube, wasu sun manne, sai wani wuri fayau a tsakiya kamar an ɗauke gado.

"Nan na fi kallo," ya ce, ya ɗora yatsa a wurin.

Na ce, "To Farfesa, ka zage ni mana. Ka ƙwace mini wani abu. Ga wayata."

Ya naɗe takardarsa, ya ce Allah ya ba mu haƙuri.

Yana nan yana wankinsa, an ce har Dakta ta fara barinsa ya riƙe wuƙar yankan. Ni kuma ko latas na gani a cikin shawarma sai na zare shi in ajiye, don sai in ji kamar da mutane a cikin 'yan ɗakunansa. Duk Juma'a yana zuwa gaishe mu. Ya cire takalmi, ya sunkuya, ya ce, "Hajiya Hafsa, ina wuni, ya iyali?" Ni ban taɓa zama Hajiya a bakinsa ba sai bana.