Muryar Gide a Akwatin Nata'ala

Waɗanda suka ci kasuwar Yankara a shekarun da kuɗin mai suka fara yawo a ƙasar nan ba za su manta da Nata'ala Mai Akwati ba. An haife shi a Daudawa, a gidan manoman auduga. Tun yana saurayi ya bi masu nuna majigi ƙauye-ƙauye, yana ɗaukar musu kaya yana naɗe musu waya, har hannunsa ya faɗa. Da ya gaji da yawo, sai ya kafa rumfa a bakin kasuwar Yankara yana gyaran rediyo. Bai yi boko ba, allo kaɗai ya yi, amma kunnensa na rarrabe ciwon rediyo kamar yadda ungozoma take rarrabe kukan jariri.

A shekarar Udoji, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, wani akawu ya sayi sabuwar rakoda, ya bar wa Nata'ala tsohuwar tare da kaset uku. Nata'ala ya haɗa ta da batirin mota da lasifika mai bakin ƙaho, ya ƙirƙiro wasan da ba a taɓa ganin irinsa a yankin ba, ya sa masa suna Shari'ar Akwati.

Ga yadda wasan yake. Da hantsi yakan zaga kasuwa yana yi wa mutane tambayoyi, yana ɗaukar amsoshinsu. Bayan sallar azahar sai ya aza rakodar a kan turmi a gindin tsamiya, ya naɗa mata rawani, jama'a su kewaye ta. Daga nan sai ya yi wata tambaya dabam, ya danna, muryar mutum ta amsa daga cikin ƙaho. Mahaucin da aka tambaya da safe awaki nawa ya yanka, da rana sai a ji Nata'ala ya ce, “Mata nawa ka saka bana?” akwati kuwa ya amsa da muryar mahaucin, “Bakwai, kuma duk ramammu ne.” Mai muryar yana tsaye a cikin taro, ana nuna shi ana dariya har da riƙe ciki.

Jama'a su ne alƙalai. A ƙarshen kowace murya Nata'ala yakan ɗaga hannu ya ce, “A bari ko a goge?” In suka ce a bari, za a sake sa ta kasuwa mai zuwa. In suka ce a goge, sai ya mayar da zaren baya, ya danna jan maɓalli, taro ya yi ta tafi da sowa har hayaniyarsu ta binne muryar. Ƙarancin kaset ne ya tilasta masa gogewa, shi kuma ya mayar da tilas ɗin wasa. Bai taɓa karya wannan doka ba, ko da mai muryar ɗan mai gari ne, kuma yana alfahari da hakan.

A gefen tsamiyar nan wata tsohuwa, Goggo Baraka, take kasa daddawa. Ɗanta na fari shi ne Gide, saurayi mai ban dariya wanda ya ajiye fartanya ya zama karen mota. Kamar kowace uwa ta zamaninta, Goggo ba ta taɓa kama sunan ɗan farinta ba, ba ta kuma nuna a gaban mutane cewa ta damu da shi. “Wancan yaron” take ce masa. In ya tsaya kusa da ita a kasuwa, sai ta kau da kai ta shiga gyara tallarta.

Wata ranar kasuwa Nata'ala ya ɗauki muryar Gide, da rana aka gurfanar da shi bisa laifin gudu daga gona. Akwati ya amsa da muryarsa: “Ranka ya daɗe, ita fartanya ta taɓa kai mutum Legas? Ku dai faɗa wa mai daddawa ta ajiye mini tuwona, ko ya kwana ina so.” Sai dariyarsa ta biyo baya, doguwa, mai shaƙewa a ƙarshe. Taro ya ce a bari.

Kwana huɗu bayan haka motarsu ta faɗi a wata gada a hanyar Gusau. Can aka yi wa Gide sutura, domin gawar ba ta jiran tafiya. Bai taɓa ɗaukar hoto ba, kayansa kuma sun ƙone da motar. Abin da ya rage na Gide a duniya shi ne maganar nan da dariyar nan a cikin kaset ɗin Nata'ala.

Da kasuwa ta zagayo, Malam Rabo, dattijon da ke sayar da igiya kusa da rumfar Nata'ala, ya same shi da safe ya ce, “Ɗan nan, ka cire wancan kaset ka kai wa tsohuwar gida. Kada ka sa shi a taro.”

Nata'ala ya ce, “Baba, jama'a sun ce a bari. Abin da aka ce a bari, sai an sake sa shi. In na ɓoye, gobe kowa ya zo ya ce a ɓoye nasa.”

“To, ai kai ne alƙalin alƙalai,” in ji Malam Rabo, ya koma kan igiyoyinsa.

A zuciyarsa Nata'ala yana ganin girmama mamaci zai yi. Ranar bai naɗa wa akwati rawani ba, bai kuma yi tambayar ban dariya ba. Ya danna kawai. Muryar Gide ta cika gindin tsamiya tana neman a ajiye mata tuwo. Ba wanda ya yi dariya. Goggo Baraka, wadda ta fito kasuwa bayan addu'ar uku domin kada a ce ta kasa daurewa, tana zaune kanta a sunkuye tana jera daddawa.

Da dariyar ta ƙare, bakin Nata'ala ya faɗi abin da ya saba faɗa: “A bari ko a goge?”

Can sai wani daga baya ya ce, “Ga uwarsa nan, ita ke da hukunci.”

Malam Rabo ya jawo hannun rigarsa ya ce a hankali, “Kada ka tambaye ta a nan.” Amma Nata'ala ya riga ya miƙa mata abin magana, idanun kasuwa duka suna kanta.

“Goggo, a bari ko a goge?”

Ba ta ɗaga kai ba. Muryarta ta fito ta cikin ƙaho har masu awon hatsi suka ji: “Ni mi ya haɗa ni da wasan yara? Goge abinka.”

Nata'ala ya san al'adar sarai, shi ma ɗan fari ne. Ya san babu uwar da za ta ce a gaban kasuwa tana son muryar ɗan farinta. Ya tsaya, yana jiran wani ya ce a bari. Ba wanda ya ce, domin kowa na ganin ba ya da bakin magana bayan uwa. Shi kuma bai taɓa karya dokarsa ba. Ya mayar da zaren baya, ya danna jan maɓalli. Ba a yi tafi ba, ba a yi sowa ba. Zaren ya yi ta juyawa har ya wuce wurin.

Bayan kwana biyu, da hantsi, yana kwance wata rediyo, sai ga Goggo Baraka a bakin rumfa, riƙe da ɗan ƙoƙo a ƙarƙashin mayafi. Ta duba hagu da dama, ta ga ba kowa, sannan ta durƙusa.

“Na zo karɓar wankin,” in ji ta.

“Wane wanki, Goggo?”

“Na wancan yaron. Ai in malam ya wanke allo, rubutun na cikin ruwan. Kai da ka goge, ina ka zuba?”

Nata'ala ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce, “Goggo, wannan ba kamar allo ba ne. In an goge, ba ya zuwa ko'ina.”

“Komi na zuwa wani wuri, ɗan nan. Sa mini in ji.”

Ya sa mata. Suka ji shuuu na zare, da kukan akuya daga nesa, da tarin wani tsoho. Sai wani ɗan sauti kusa-kusa, sautin faifai ana rufe ƙwarya. Goggo ta gane shi, domin ita ce ta rufe daddawarta a lokacin. Ta saurara har zaren ya ƙare, kunnenta dab da ƙaho. Sannan ta miƙe, ta mayar da ƙoƙon ƙarƙashin mayafi, ta ce, “Allah ya ba mu haƙuri,” ta tafi.

Daga wannan mako ta sauya wurin zama zuwa can ƙarshen kasuwa, wajen masu tukwane, inda ƙaho ba ya kaiwa. Ba ta buƙaci hakan ba, domin Shari'ar Akwati ba ta sake zama ba. Mutane sun yi ta roƙon Nata'ala, har daga Ƙanƙara da Sabuwa an aiko a ɗauke shi biki, ya ƙi. Ya ci gaba da gyaran rediyo har idanunsa suka raunana, sannan ya koma noma a Ruwan Godiya, inda ya rasu da tsufansa.

Kaset biyu ya bayar tun da daɗewa. Na ukun kuwa iyalinsa sun same shi a cikin jakar da yake ajiye allonsa, a naɗe da farin ƙyalle. Suka nemo rakoda suka sa, ba su ji komai ba sai akuya da tari.