Bakaniken da ke Sansanar Lagireto

Malamin dabbobi yana tsaye a bakin gareji, yana kallon tsohon bakaniken da aka ce ya kawo wa gyara. Tsohon gajere ne, furfura ta cinye gemunsa, bayan hannunsa na dama duk tabon ƙuna. Da gani, tafasasshen ruwa ya taɓa koya masa haƙuri tun yana saurayi.

Babur ɗin daji malamin ya kawo, irin mai shan fetur gauraye da mai. Kwana uku ke nan yana zafi, yana aman ruwa ta tiyo, ga shanun mutane can suna jiran allura.

"Baba, murfin lagireton ne ya mutu, a canza kawai," in ji malamin.

Tsohon ko kallonsa bai yi ba. Sai da injin ya huce ya buɗe murfin, ya tayar da babur, ya duƙa ya kai hanci. Kumfa tana tasowa daga cikin ruwan lagireton ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗana, ruwan nan warin hayaƙi yake. Robar kan silindar injin ce ta cinye, shi ya sa hayaƙi ke shiga cikin ruwan yana kumbura shi. Murfin da kake zargi, da bai zubar da ruwan ta tiyo ba, da lagireton ya fashe, da tuni kana tura babur a daji. Gode masa."