Iya Zulai da Turmin Aro

Kakata Hajiya Zulai, wadda mu jikoki muke kira Iya, ta shekara talatin da ɗoriya a Kubwa, amma har kanta ya yi fari fat ba ta yarda cewa zama ta zo yi Abuja ba. Duk wanda ya tambaye ta inda take, amsarta ɗaya ce: "Zariya. Nan mun ɗan leƙo ne, aikin Malam ya kawo mu."

Malam ɗin shi ne kakanmu, Malam Surajo, akawu a wata ma'aikatar tarayya. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki zuwa sabon birni, ya ce mata shekara biyu kacal za su yi su koma gida. Iya kuwa mace ce da in Malam ya faɗi magana, to ta zauna daram. Don haka ta kwaso 'ya'yanta biyu, babana Saleh da ƙanwarsa Halimat, ta ɗaure tukwane da tabarmi, amma ta bar turminta a gidan surukai. Turmin kirya ne, wanda mahaifiyarta ta sa mata a kayan aure. A ganinta, ɗauko shi daidai yake da cewa ta yi ban kwana da Zariya, sayen wani kuma ya fi wannan muni.

To amma Malam ba ya cin miyar da ba a daka kayanta ba, kuma ba ya fita tarar motar ofis sai da kunu a cikinsa. Washegarin saukarsu Iya ta ji luguden sakwara ta bayan katanga, ta yafa mayafi ta je ta ƙwanƙwasa ƙofa. Matar gidan wata 'yar Binuwai ce, doguwa mai babbar murya, ana ce mata Mama Rosemary. Iya ta gaishe ta, ta ce aron turmi take so na ɗan lokaci, kafin su koma gida.

Wannan ɗan lokacin ne ya aurar da babana, ya aurar da Gwaggo Halimat, ya yaye mu jikoki ɗaya bayan ɗaya. Kullum da safe Iya za ta je ta mirgino turmi, ta daka daddawa da barkono ko geron fura, ta wanke shi, ta mayar kafin azahar. Yajin jegon kowannenmu a cikinsa aka daka, kuma duk haihuwar da aka yi a gidanmu sai mijin Mama Rosemary ya ji a jikinsa.

"Mama Saleh!" Haka take ƙwala mata kira ta saman katanga. "Me ka saka cikin turmi na? Jiya oga na ya ci sakwara, ya yi atishawa sotee har ruwa ya fito masa a ido!"

Iya ba ta amsa wannan suna, domin Saleh ɗan fari ne, ko ambatonsa ba ta yi, sai dai ta ce "yaron nan". Mama Rosemary ta daɗe tana zaton maƙwabciyarta kurma ce, shi ya sa ta ƙara wa muryar ƙarfi, har mutanen layin baya suka san sunan babana.

Ba wai ba a yi ƙoƙari ba. Da babana ya fara aiki ya sayo mata injin markaɗe na lantarki. Ta gwada sau ɗaya, ta ce miyar ɗanɗanon waya take yi, ta mayar da shi kwalinsa. Gwaggo Halimat ta shiga kasuwar Wuse ta zaɓo turmi mai kyau har da taɓarya biyu. Iya ta shafa shi, ta yaba, ta sa mata albarka, kafin la'asar ta aika da shi gudummawar bikin wata yarinya a layinmu. Ni kaina na taɓa ce mata, "Iya, wai ba kya jin kunya? Mutum ya yi jikoki a gari yana aron turmi?" Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke Kauthar, baƙo ne zai tara kaya? Bayan Sallah muna tafiya." Ba ta dai taɓa faɗin wace Sallar ba.

Da Malam ya yi ritaya, Iya ta ɗaure kaya tsaf. Sai Gwaggo Halimat ta haihu, ta kwance don ta yi mata wankan jego. Ta sake ɗaurewa, sai ƙanena ya karye a filin ƙwallo, ta ce ba za ta bar shi a hannun uwarsa da ke fita aiki tun duku-duku ba. Haka aka yi ta yi. Akwai wata jakar Ghana-must-go a bayan ƙofarta da ta tsufa a ɗaure, har zip ɗinta ya yi tsatsa. Malam kuwa bai taɓa musa mata ba. Yana zaune a kujerarsa da rediyo, duk sanda ta ce "bayan Sallah" sai ya ce "in Allah ya kai mu", ya ci gaba da shan furarsa.

Allah bai kai shi ba. Wata Juma'a da hantsi ya ce kansa na sarawa, kafin a fito da mota ya cika. Iya ta so a kai shi Zariya, amma maza suka ce ba a jinkirta gawa, aka sallace shi bayan sallar Juma'a aka binne shi a maƙabartar Kubwa. Ban taɓa ganin Iya ta yi shiru irin na lokacin ba, kuma na tsani wannan shirun fiye da duk faɗan da ta taɓa yi mini.

Da ta fita takaba babana ya durƙusa gabanta ya ce, "Iya, ɗakin da muka gina miki a Zariya an gama. Abin da kika daɗe kina so ke nan." Aka yi sallama da unguwa. Mama Rosemary ta mirgino turminta har ƙofar mota ta ce kyauta ne, Iya ta ce a'a, nata na can yana jiranta. Ni aka haɗa da ita don in taya ta zama na ɗan lokaci.

A Zariya mun tarar da turmin a kife bayan banɗaki, yara sun mayar da shi kujerar alwala. Iya ta yi salati, ta sa toka da soso ta wanke shi kamar jariri. Sai dai sa'o'inta duk sun riga mu gidan gaskiya, matan gidan kuma injin markaɗe suke kai kayan miyarsu. Abin da ya fi ƙona mata rai, yaran unguwa da sun hango ta sai su ce, "Ga Hajiyar Abuja!" Matar da ta shekara talatin tana gaya wa Abuja ita 'yar Zariya ce.

Wata safiya tana daka, ta tsaya da taɓarya a hannu ta ce, "Kauthar, tun da aka kai ni ɗakin Malam ban taɓa barin sa a wani gari ina wani ba. Yanzu na baro shi a garin mutane, bai san kowa ba."

Na ce, "Iya, ai rabin maƙabartar nan 'yan ofis ɗinsu ne."

Ta ce, "'Yan ofis ne za su kula da shi? Tashi ki nemo mana mota."

Direban ya so ya ɗaure turmin a but ɗin mota, Iya ta ce sam, ba buhun masara ba ne. Kujera guda ta biya masa, ya zauna tsakanina da ita tun daga Zariya har Zuba, duk ramin da muka faɗa sai ya doke ni a gwiwa. Muna isa Kubwa ta sa aka girke shi a tsakar gida, ta zazzage tsohuwar jakar nan ta bayan ƙofa, ta ba mai shara.

Mama Rosemary ta shigo da gudu tana ihun murna, ta rungume Iya, sai idonta ya sauka kan turmin. Nan take fuskarta ta canza.

"So yanzu kai ka samu naka," in ji ta. "Ba za ka zo gida na again ba."

Ta juya ta fita. Washegari da sassafe muka ji ƙwanƙwasa. Mama Rosemary ce, ta ɗaure fuska tamau.

"Mama Saleh, turmi na ya tsage. Ba ni aron naka."

Turminta lafiyarsa ƙalau. Da idona na gan shi a kicin ɗinta, ta lulluɓe shi da tsohon zane ta ɗora bokiti a kai. Amma ta mirgine na Iya ta tafi da shi, kuma ba ta dawo da shi ba. Daga ranar, kullum da safe sai Iya ta yafa mayafi ta je karɓo turminta, tana tafe tana mita: "Wannan mata ba ta san aro ba. Mutum ya ba ka abu ka riƙe?" In ta gama daka kuma, kafin azahar Mama Rosemary ta zo ta sake ara. Shekarun da suka rage wa Iya haka ta yi su, kuma ban taɓa ganin ta cikin walwala kamar lokacin ba.

Bara da ciwo ya kwantar da ita, babana ya tambaye ta a hankali ko tana so a kai ta gida. Ta buɗe ido ta harare shi ta ce, "Yaron nan, wane gidan? Malam na nan, turmina na nan." Ta rasu da sanyin safiya, aka kai ta maƙabartar da Malam yake.

Ranar sadakar uku mata suka jiƙa gero za a daka gumba, aka nemi turmi aka rasa. Na san inda yake. Na tarar da Mama Rosemary zaune a ƙofar kicin, ta dafa shi da hannu biyu, idanunta sun kumbura. Na gaishe ta, na ce mun zo karɓar turmin Iya. Ta share fuska da gefen zaninta ta tura mini shi.

"Ɗauka," in ji ta. "Amma ka gaya masu aro ne na ba ku. Kafin azahar ku dawo mini da shi."

Muka daka gumba, na wanke shi da kaina, na mirgina shi na mayar mata kafin a kira salla.