Indo Almu, Mai Duba Hantar Ɓeraye

Shekara ashirin da uku Indo Almu tana barin ƙauyensu na kusa da garin Hajj Abdalla bayan asuba, ta hau motar zuwa birnin Madani. A ɗakin binciken tsargiya take aiki, cutar nan da ruwan tur'a, wato magudanar ban-ruwan gonaki, ke sa wa manomanmu. Ba ta shan shayi sai ta leƙa kejin fararen ɓerayen gwaji ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ɗauko wanda za a duba, ta sa shi barci da magani, ta aske masa ciki, ta ɗora masa na'urar hoto irin wadda ake duba masu juna biyu da ita. Hantar da ba ta kai dabino ba sai ta cika allo. Man da take shafa masa a ciki kafin ɗaukar hoton ma sai ta ɗumama shi a tafin hannu, don sanyi na iya kashe ɓera mai barci.

Daktora Hanaa, shugabar ɗakin, ita ta ba mu labarin shekarar da suka gwada wani sabon magani. Hotuna suka nuna hantar waɗanda aka ba maganin ta warke tas. Ana murna har an dafa jabana, wato gahawa, Indo kuwa ta ƙura wa allo ido.

"Daktora, wannan ba ɓera mai lamba sha bakwai ba ne," in ji ta. "Sha bakwai yana da tabo a gefen dama na hanta, wata shida ina kallonsa."

Ashe ranar wankin keji an musanya takardun shaidar ɓerayen, lafiyayyu suka koma wurin marasa lafiya. Aikin wata shida ya rushe ke nan.

"Kin tabbata, ya Indo?" in ji Daktora Hanaa.

"Wallahi ban so faɗa ba. Amma maganin nan bakin 'ya'yanmu za shi."

Aka sake daga farko. Da sakamako ya fito, ashe maganin yana aiki, sai dai a ba da shi sau biyu, ba sau ɗaya ba. Hanaa ta ce ranar ta rungume Indo har mayafinta ya faɗi.

Ke ce mai idon da ba ya gaggawa, Indo. Ke kika zaɓi ɓacin ran shugabarki a kan ƙaryar da ba wanda zai gane.

Juma'ar da ta wuce aka yi walimar ajiye aikinta. Wanta Sa'idu, da ya sha yi mata ba'a cewa shi yana kashe ɓera a gona ita tana yi masa aski, shi ya yanka ragon walimar, ya kuma ce daga yau ya janye maganarsa. Mata suka ɗauki guɗa.

Mun gode, Indo, Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu tasowa, in kun ga kuskure a bakin aikinku, ku faɗa ko da an riga an dafa jabana.