Agogon da ya ƙi ƙirga zamana

Shekarun baya, ina ajin farko a lise, wato babbar sakandare, a Tasawa, aka yi wa kakata aikin ido a Maraɗi. Likita ya ce a riƙa ɗiga mata magani a kan kari, in aka yi sakaci idon zai iya komawa. Wayar gidanmu ɗaya ce, kullum tana aljihun Baba a kasuwa. Mahaifiyata kuma tana fama da suyar ƙuli. Sai aikin ya faɗo kaina.

Yayana da ke karatun informatik a wani gari ya bar mini tsohuwar odinatarsa, wato kwamfuta, ya kuma koya mini rubuta ƙananan furogaram. Ya taɓa nuna mini cewa kowane furogaram yana iya roƙon odinata ta ɗaura masa agogonsa na kansa: ka faɗi yaushe zai fara ƙara, da tazarar da zai riƙa maimaitawa. Na rubuta nawa, na ajiye kusa da tabarmar Kaka, ina jin kaina wata babba.

Muka zauna. Shiru. Na ga inuwar katanga ta haye randa, kajin sun koma gindin dalbejiya, amma ba ƙara. Na sa furogaram ɗin ya karanto mini lokacin da ya saura. Kusan yana nan yadda na sa shi! Na yi maza na ɗiga wa Kaka maganin.

Ni da ko gaisuwa sai na sunkuyar da kai, ranar na shiga gidan maƙwabta aron waya, na kira yayana na faɗa masa. Ya sha dariya.

"Ke, wane iri kika zaɓa? Agogon ba ɗaya ba ne. Akwai mai tafiya da lokacin duniya, akwai mai ƙirga lokacin da furogaram ke aiki kawai. Naki yana zaune yana jira, me za a ƙirga masa?"

Kalma ɗaya na canza. Da lokaci ya yi, odinatar ta yi ƙara.

Kaka ta ce, "Me maigidan nawa ya ce?" Haka take kiran yayana don tsokana. Na yi mata bayani a hankali. Ta daɗe tana juya maganar, auduga a idonta, sannan ta ce, "To in da wannan agogon za a ƙirga wa kakanku shekaru, Allah ya jiƙansa, ai da ko kaciya bai isa ba ya rasu." Mahaifiyata ta yi dariya har ta saki matsami a kasko.

Daga ranar ba mu sake kuskure ɗigo ba. Ko na tafi lakwal karatu, abin na kiran mahaifiyata. Idon ya warke sarai, har Kaka ta koma tsince tsakuwa a wake tana yi mana gorin mu ne makafi.

Yanzu ba ta duniya. In na tuna kwanakin nan, ba wani abin kirki na yi ba, zama ne kawai gefenta muna jiran ƙara, tana riƙe da yatsana. Wancan agogon ba zai ƙirga shi a bakin komai ba. Ni kuwa har yau ban yi zaman da ya kai shi ba.