Kiɗan da Na Sato Daga Kanti

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya koya min goge a gidanmu na Dala. Mu jikokin Barebari ne, kuma ko da kakanninmu suka bar allo suka kama izgar goge, ba su bar halin malamai ba: komai sai an faɗi daga wa aka karɓo shi. Dokar kawu ke nan. Kafin ka goga kowane kiɗa a taro sai ka jero masu shi, wane daga wane. Wanda ya goga kiɗan da ba a ba shi ba ɓarawo ne, a ƙwace gogensa. Ya taɓa ƙwace na yayana, har yayan nawa ya tsufa yana sayar da kanwa.

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano ba da daɗewa ba, na kai fatu wani kanti a Fagge. Baturen kantin jajir ne kamar gauta, an ce mutumin Sikotlan ne. Na tarar da shi a bayan kanti ya maƙale wani gogen katako mai tsirkiya huɗu a ƙarƙashin haɓa, yana goga wani kiɗa mai tsalle-tsalle. Ƙafata ta fara bugawa ban sa ta ba. Kafin na shigo Ƙofar Mata na haddace shi tsaf.

A wani biki a Gwale zumuɗi ya ɗebe ni na sake shi. Mata suka zubar da ƙwaryar tuwo suka shigo fili. Kawu ya jira aka lafa, ya tambaye ni wa ya ba ni. Tsoro ya kama ni, na ce a bakin wani tsohon falke na ji shi, ya ce kiɗan Kukawa ta Barno ne.

Da na san abin da zai biyo baya, da na miƙa gogen kawai. Kawu ya ce lalle ya tuna, kakansa na goga shi. Cikin kwana uku ya samo wa kiɗan iyaye biyar, har da wani makaɗin fada mai ido ɗaya. Yana jero su a kowane biki.

Masinjan kantin ne ya tona ni, shi ma bai sani ba. Ya ji kiɗan a wani taron suna, ya ce ai na maigidansa ne. Kawu ya fusata, ya ce Bature ya saci kayan Barno. Ya sa babbar riga, ya tasa ni gaba har Fagge.

Baturen ya goga, kawu ya goga, kiɗa ɗaya sak. Ta bakin tafinta kawu ya nemi ya faɗi masu shi, yana ganin ya kama shi. Sai Baturen ya ajiye izga ya fara ƙirgawa da yatsu. Ya karɓa daga mahaifinsa, shi daga ƙanwar kakarsa, ita daga wani makiyayin tumaki da ya tsara shi ranar auren 'yarsa. Ashe su ma suna da wannan al'ada.

Kawu ya juyo ya dube ni, don ya san ni ke kawo fatu kantin. Wallahi na gwammace ƙasa ta tsage. Na cire gogena daga kafaɗata na miƙa masa da hannu biyu.

Bai karɓa ba. Ya zaro goro daga aljihu ya danƙa min.

"Durƙusa ka roƙi mai shi," in ji shi. "In ya ba ka, naka ne."

Na durƙusa a kan buhun gyaɗa, na miƙa wa Baturen goron, na roƙe shi kiɗan. Ya rasa yadda zai yi da goron, ya gutsura, ya yamutsa fuska, ya ce ya ba ni.

A hanya na tambayi kawu yadda za mu yi da iyayen nan biyar, tunda duk Gwale ta haddace su.

"Kai ƙaryarka ɗaya ce," ya ce. "Ni tawa biyar. A bikin ranar Juma'a kai za ka riƙe min gogena, ni zan tashi in gaya musu."