Kakakin Illa Bujefa

Da an sallame asuba, Illa mai hoto zai saɓi kakakinsa ya zaga bayan gida. Ba na busa ba ne. Dogon gilashin hoto ne mai jawo nesa kusa, wanda wani Nasara likitan dabbobi ya bar masa da zai koma ƙasarsu, mutanen unguwar Zango ta nan Damagaram suka ga tsawonsa suka raɗa masa kakaki. Zai watsa gero, ya zuba ruwa a kasko, ya ba rana baya, ya zauna jiran kurciya da kanari.

Da hantsi sai ya buɗe rumfarsa a kasuwar Dole, yana ɗaukar mu hoton kartidantite, katin shaida ke nan, yana cewa "Bujefa", wato kada a motsa, da Faransancinsa na tsintuwa. Sunan da ya bi shi ke nan. Mu kam mukan sandare kamar an kama mu da sata. Tsuntsu kuwa bai yi lakwal ba balle ya ji Faransanci, don haka a bayan gida Illa ne ke yin bujefa, har numfashi yakan riƙe. Yakan ce hoton da ƙwayar idon tsuntsu ba ta fito ba, ɓarnar takarda aka yi.

Bana, shekarar mulkin kai, ya rufe rumfa don hannunsa ya soma rawa. Amma kafin ya ajiye kakakin ya yi abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

A unguwar Birni akwai wata tsohuwa, Inna Sakina, mai tsamiya a tsakar gida. Duk shekara shamuwa kan sauka a kanta, kuma Inna ce ke fara shaida wa unguwa cewa damina ta ƙarato, a fiddo iri. Yanzu yanar ido ta rufe mata gani, ba ta ganin abin da ya wuce tafin hannunta. Da bazara jikokinta suka ce shamuwa ta iso. Ta ce ita ba ta taɓa ba da labarin abin da ba ta gani ba, ta koma ɗaki ta daina ko zaman inuwar.

Ɗanta Tahiru ya je ya roƙi Illa ya ɗauko mata hoton shamuwar, ya yi masa iso gidan. Hotunan farko duk suka fito dishi-dishi, hannu ya ƙi. Na gan shi ranar da ya wanke su, wallahi tausayinsa ya kama ni. Washegari ya ari turmi, ya ɗora buhun gero a kai, ya kwantar da kakakin a bisa ya ɗaure da rawaninsa. Ya yini kai ba rawani a gidan mutane, tsoho da shi, har tsuntsuwar ta juyo.

Tahiru ya ce da aka miƙa wa Inna hoton, ta kai shi dab da hancinta ta daɗe tana dubawa. Can ta yi dariya.

"Ita ce. Ashe ita ma ta tsufa. Tahiru, je ka ce musu su fiddo iri."

Kai ne Illa Bujefa, mai haƙurin da ya fi na tsuntsu. Ba ka da lamba a ƙirji, ba a kira ka filin biki ba, amma Damagaram ta gode, Allah Ya saka maka da alheri. Ku kuma masu ƙuruciya da tsayayyen hannu, ku leƙa ɗakin tsofaffinku. Akwai abin da ya yi musu nisa, ku kawo musu shi tun suna iya gani.